Katin Hoto Da Akwatin Wuta: Lissafin Da Ke Gaban Masu Shagunan Kwamfuta Na Paiko

PAIKO, Jihar Neja — Garin Paiko, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Paikoro, yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Suleja, kilomita 20 da 'yan kai daga babban birnin jihar, kuma daga nan ne hanyar Lapai ta ɓalle. An fi saninsa da doya, wadda fatake daga sassa daban-daban na ƙasar nan kan zo su yi lodi a kasuwarsa ta mako-mako. To amma a gefen wannan tsohon ciniki akwai wani sabo da ya sami gindin zama, watau ƙananan shagunan na'ura mai ƙwaƙwalwa, ko kwamfuta, inda ake buga takardu, ana tsara katin gayyata da kalandar biki da fostocin 'yan siyasa, ana kuma haɗa bidiyon aure da na suna.

Yayin da abokan hulɗa suka fara neman bidiyo mai tsabta irin wanda suke gani a wayoyinsu, tsofaffin na'urorin irin waɗannan shaguna sun fara gazawa. Aikin da ya kamata a gama cikin awa guda yakan cinye yini. Shawarar da akan ba mai shago a irin wannan hali guda ce: ya sayi katin hoto, wanda masu gyara ke kira girafik, ya ƙara wa kwamfutarsa. Shawarar tana da kyau a inda ta dace, amma rabi ce. Ragowar rabin, wanda galibi ba a faɗa sai bayan an tafka asara, shi ne cewa babban katin hoto ya fi kowane sashe na kwamfutar tebur cin wuta, kuma muddin abin da zai ciyar da shi bai isa ba, to kuɗin da aka kashe a kansa sun zama jarin da aka binne.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke son ƙara wa na'urarsa ƙarfi yana da lissafi biyu a gabansa, na Naira da na wat, kuma na wat ɗin ya kamata ya fara yi.

Yawan wutar da katin ke ci

Wat shi ne ma'aunin wutar da na'ura ke ja a lokacin da take aiki. Kwamfutar ofis ta yau da kullum, mai furosesa ta wat 65, idan aka haɗa da babban allonta da ma'ajiyar bayanai da fankoki, da wuya ta wuce wat 120. Katin hoto kuwa, gwargwadon girmansa, yana iya cin daidai da wannan, ko ninki biyu, ko ma fiye da ninki huɗu.

Alƙaluman da kamfanonin da ke ƙera katunan suka bayar da kansu sun isa shaida. A wajen kamfanin Nvidia na Amurka, ƙaramin kati GT 1030 yana cin wat 30 ne kacal. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna cin wat 75, kuma kamfanin ya ce a yi musu tanadin akwatin wuta na wat 300. RTX 3060, wanda ya fito a 2021, yana cin wat 170, ana kuma son akwatin wat 550. A can sama akwai RTX 4090 na watan Oktoban 2022, mai cin wat 450 da buƙatar akwatin wat 850, sa'an nan RTX 5090 na Janairun 2025 mai cin wat 575, wanda aka ce a ba shi akwatin wat 1,000. A wajen kamfanin AMD kuwa, RX 580 yana cin wat 185, RX 6600 kuma wat 132.

Akwai darasi na kasuwanci a cikin waɗannan alƙaluma. Sabon kati ba lalle ne ya fi tsoho cin wuta ba. RTX 4060 na 2023 ya fi RTX 3060 sauri, amma wat 115 yake ci, watau ya gaza shi da wat 55. Kazalika RX 6600 ya fi RX 580 aiki nesa ba kusa ba, duk da cewa ya fi shi ƙarancin ci. Wanda ya sayi tsohon kati domin arharsa yana iya biyan bambancin sannu a hankali a wajen mai sayar da fetur.

Mai karatu zai lura cewa akwai tazara mai yawa tsakanin abin da katin ke ci da girman akwatin da aka ce a saya masa. Dalilan wannan tazara uku ne. Na farko, sauran sassan kwamfutar su ma daga akwatin suke ci. Na biyu, katin ba ya jan wuta bai ɗaya. A wani ɗan taƙaitaccen lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba yakan fizgi wuta fiye da abin da aka rubuta masa, kuma idan akwatin ya kasa jurewa sai na'urar ta mutu nan take. Wannan ne ya sa ƙa'idar ATX 3.0, wadda kamfanin Intel ya fitar a 2022, ta tanadi cewa manyan akwatuna su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokaci. Na uku, akwatin wuta yana raguwa da tsufa da zafi, kamar yadda batirin mota ke yi.

Abin da ke rubuce a jikin akwatin

Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, shi ne ƙarfen nan mai fanka da ake soka wa wayar wuta a bayan kwamfuta. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar layi, wadda a Nijeriya ƙa'idarta bolt 230 ce, ya mayar da ita wuta mai sauƙi irin ta batir, ya raba ta gida uku: bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Katin hoto da furosesa kusan duk abincinsu daga gidan bolt 12 yake fitowa. Saboda haka babbar lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali ba ita ce abin dubawa ba.

A gefen kowane akwati akwai takarda mai jadawali, inda aka nuna yawan amfiya da kowane gida ke iya bayarwa. Lissafin ba shi da wuya: a ninka bolt da amfiya, a sami wat. Alal misali, akwatin da aka rubuta wa wat 500, amma jadawalinsa ya nuna amfiya 18 a gidan bolt 12, to abin da zai iya ba kati da furosesa wat 216 ne kawai. Ragowar lambar an tara ta ne daga gidajen da kwamfutar zamani ba ta cika amfani da su ba. Akwati na ƙwarai mai wat 550 kuwa yakan nuna wajen amfiya 45 a wannan gida, watau kusan duk ƙarfinsa. Akwatunan nan biyu suna iya zama kafaɗa da kafaɗa a kantar mai shago da lambobi masu kama da juna, alhali ɗaya bai kai rabin ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne yawan wutar da akwatin ke ɓarnatarwa. Ba duk abin da ya ja daga bango yake miƙa wa kwamfuta ba. Wani kaso yakan tafi a zafi. Tun 2004 akwai tsarin shaida mai suna 80 Plus, wanda ke tabbatar da cewa akwati yana miƙa aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya ja. Shaidar tana da hawa-hawa, daga Bronze zuwa Silver, Gold, Platinum da Titanium, kuma mai darajar Gold yakan kai wajen kashi 90 idan yana ɗauke da rabin kayansa. Sai dai tambarin takarda ce da kowa ke iya liƙawa, don haka ya kamata mai saye ya duba sunan akwatin a jerin da masu ba da shaidar suka wallafa a intanet.

Abu na uku shi ne kariya. Akwati na gari yana da na'urorin da ke yanke wuta da kansu idan kaya ya yi masa yawa, ko wuta ta haura, ko waya ta haɗu, ko zafi ya wuce kima. Maras kyau kuwa yakan ci gaba da aiki har ya ƙone, kuma sau da yawa ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan tafi da katin, ko babban allon, ko ma'ajiyar da ke ɗauke da aikin mutane. A yankin Minna, inda zafin watannin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40, sa'an nan ƙurar hunturu ke toshe fankoki, wannan batu ya fi muhimmanci, domin wasu akwatuna masu araha an auna ƙarfinsu ne a ɗaki mai digiri 25, yayin da na ƙwarai ake auna su a digiri 40 ko 50.

Matsalar kwamfutocin gwanjo

Yawancin ƙananan 'yan kasuwa a ƙasar nan ba sa sayen sabuwar kwamfuta. Abin da ke cika kasuwannin Computer Village a Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano, har ya gangaro shagunan Minna, su ne na'urorin da ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, irin su Dell OptiPlex, da HP EliteDesk ko ProDesk, da Lenovo ThinkCentre. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga cikinsa, wanda aka wallafa a 2018, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne suka shigo Nijeriya a kowace shekara a 2015 da 2016, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki.

Waɗanda ke aiki daga cikinsu na'urori ne masu ƙarko, amma an ƙera su ne domin aikin akawu. Akwatin wutarsu galibi yana tsakanin wat 180 da 300, daidai da abin da na'urar ke buƙata yadda ta fito daga masana'anta, kuma yawancinsu ba su da wayar da ake soka wa katin hoto. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera daga wajen 2013 zuwa gaba ba sa amfani da filogin nan mai fil 24 da aka sani a sauran kwamfutoci. Kowane kamfani yana da nasa. Ma'anar wannan ita ce mai shago ba zai iya shiga kasuwa ya ɗauko kowane akwati mai wat 550 ya ɗora ba. Ko filogin ya ƙi shiga, ko akwatin ya ƙi zama a gurbinsa, musamman a sirarun kwamfutocin nan da ake kwantarwa a ƙarƙashin allon kallo. Akwai adaftoci da ake sayarwa domin haɗa su, amma dole ne su dace da ainihin samfurin na'urar, in ba haka ba babban allon ne zai biya.

Mai irin wannan na'ura yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya tsaya ga katin da ramin babban allo kaɗai ke iya ciyarwa. Wannan rami, mai suna PCIe, bisa ƙa'ida yana ba da har wat 75, kodayake wasu kamfanoni sukan ƙayyade shi ƙasa da haka a ƙananan na'urorinsu. Katunan da ke wannan rukuni sun haɗa da GT 1030, da RX 6400 mai wat 53, da RTX 3050 mai gigabait 6 da RTX A2000, masu wat 70 kowanne. Idan kwamfutar siririya ce, to tilas katin ya zama gajere mai ƙaramin ƙarfen baya. Hanya ta biyu ita ce ya haƙura da tsohuwar na'urar ta ci gaba da buga takardu, ya haɗa wata sabuwa a babban gida domin aikin bidiyo.

Har ila yau akwai batun shekarun na'urar. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana son furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Zuba kuɗi mai yawa a kan na'urar zubi na 4 ko na 6 daidai yake da ɗaura wa tsohon jaki sabon sirdi.

Wani ƙaramin abu kuma da kan jawo babbar asara shi ne jan maɓallin da ke bayan wasu tsofaffin akwatuna, mai lamba 115 da 230. Na'urar da ta fito daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, kuma da zarar an soka ta a wutar Nijeriya a haka, akwatin ya gama aiki.

Wayoyi da filogi

Katin da ya wuce wat 75 yana buƙatar waya kai tsaye daga akwatin wuta. Filogi mai fil 6 yana ɗaukar wat 75, mai fil 8 kuma wat 150. Manyan katunan zamani suna amfani da wani sabo mai fil 16, wanda aka tsara ya ɗauki har wat 600. Wannan sabon filogi ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙarshen 2022, lokacin da aka riƙa samun rahotannin narkewarsa a jikin RTX 4090, kuma kamfanin Nvidia ya danganta yawancin abin ga rashin tura shi ya zauna sosai. A 2023 aka yi masa gyara aka fitar da wani samfurin. Idan har kati mai tsada irin wannan ya gamu da haka saboda filogi, to mai ƙaramin shago ba shi da dalilin yin wasa da nasa.

Kurakuran da aka fi yi a nan sanannu ne. Na ɗaya shi ne sayen adaftar da ke ɗauko wuta daga filogin SATA na ma'ajiyar bayanai ta kai wa katin hoto. Filogin SATA an tsara shi ne ya ɗauki wajen wat 54 a gidan bolt 12, don haka ɗora masa wat 75 ko 150 gayyatar gobara ce. Na biyu shi ne rikita filogi mai fil 8 na furosesa da na katin hoto. Suna kama, amma tsarin wayoyinsu ya saɓa. Na uku ya shafi akwatunan da ake iya cire wa wayoyi: wayar wani kamfani ba ta aiki a akwatin wani ko da ta shiga daram, domin ba a daidaita tsarinsu ba. Daɗin daɗawa, katin da ke da baki biyu ya fi son waya biyu dabam-dabam daga akwati, maimakon guda mai reshe.

Kafin a biya kuɗi kuma, sai a auna tsawon katin da kaurinsa da faɗin cikin gidan kwamfutar, domin kati mai fanka uku yakan kai santimita 30.

Daga bango zuwa akwati

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu ya shafi mai kwamfuta a ko'ina cikin duniya. Abin da ya bambanta ɗan kasuwar Paiko da na Landan shi ne wutar da ke fitowa daga bango. Jihar Neja ita ce gidan manyan madatsun ruwa masu samar da lantarki: Kainji ta 1968 mai megawat 760, Jebba ta 1985 mai megawat 578 a kan iyaka da Jihar Kwara, Shiroro ta 1990 mai megawat 600, da Zungeru mai megawat 700 da aka kammala gininta a 2023. To amma wutar da suke samarwa tana shiga babban layin ƙasa ne, kuma abin da ke isa shagon ɗan kasuwa ya dogara ga layukan rarrabawa da tiransifomar unguwa. A Nuwamban 2013 kamfanin AEDC ya karɓi aikin rarraba wuta a Abuja da jihohin Neja, Kogi da Nasarawa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, kuma a 2025 hukumar NERC ta ba da umarnin miƙa wannan iko ga hukumar Jihar Neja. Babban layin ƙasa kuwa ya durƙushe sau da dama a 2024, sa'an nan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna yana cikin abubuwan da suka jefa jihohin Arewa da yawa cikin duhu a watan Oktoban shekarar.

A irin wannan yanayi, abu na farko da za a duba a jikin akwati shi ne iyakar wutar da yake karɓa. Wasu an rubuta musu bolt 100 zuwa 240, wasu kuwa 200 zuwa 240 kawai. Na farko zai ci gaba da aiki ko da wutar layi ta zo ba ƙarfi, na biyu kuwa yana iya mutuwa a tsakiyar aiki da zarar ta sauka. Ga garin da wuta ke zuwa da rauni da yamma, wannan layi guda na rubutu ya fi kowane ado na kwali daraja.

Abu na biyu shi ne na'urar UPS, mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Ana rubuta girmanta da VA, wanda ba daidai yake da wat ba. Ƙaramar nan mai VA 650 da ta fi yawa a shaguna tana ɗaukar wat 360 zuwa 390 ne. Tana wadatar da kwamfutar ofis, amma da zarar an ƙara babban kati sai ta fara kuka ta saki kayan a daidai lokacin da ake buƙatarta. Kazalika akwatunan zamani sun fi jituwa da UPS ko inbata mai ba da wuta lafiyayya irin ta layi. Wasunsu sukan mutu ko su yi ƙara idan aka ba su wutar ƙananan inbatoci masu araha.

Abu na uku shi ne janareta. Ƙaramin nan mai lamba 950 a jiki abin da yake iya ɗauka na dogon lokaci wajen wat 650 ne. Injin fotokwafi da firintar leza suna fizgar wuta mai yawa duk lokacin da suke ɗumama, kuma idan suna kan janareta guda da kwamfuta mai babban kati, kowace takarda da aka buga tana girgiza wutar da ke zuwa wa katin. Sitabilaiza tana taimakawa wajen wutar da ke hawa da sauka a hankali, amma ba ta maganin tsawa a lokacin damina, ba ta kuma maye gurbin wayar ƙasa, wadda gine-gine da yawa ba su da ita.

Lissafin Naira

A ɗauki misalin mai shago da ke da kwamfuta mai cin wat 115, da akwatin wuta na wat 240, yana son ƙara mata RTX 3060. Jimillar buƙatarsa ta zama wat 285, ta wuce ƙarfin akwatin tun kafin a yi maganar fizga. Tilas ya sayi sabon akwati, watakila da sabon gida da sabon babban allo. Idan akwatin mai miƙa kashi 80 ne, zai ja wajen wat 356 daga bango; idan aka haɗa da allon kallo, ƙaramar UPS ta kai maƙura, ita ma sai an sauya ta. Ashe sayen abu guda ya zama sayen uku ko huɗu.

Sai kuɗin ciyarwa. Idan na'urar tana aiki tuƙuru awa 8 a rana, kwana 26 a wata, watau awa 208, katin kaɗai zai ƙara wajen yunit 40 a wata. A kan farashin rukunin A na watan Yulin 2024, wanda ya kai N209.50 kowane yunit, wannan ya haura N8,000 a wata. Bambancin akwati mai kashi 80 da mai kashi 90 kuwa wajen wat 40 ne, watau yunit 8 da 'yan kai a wata, ko kimanin N21,000 a shekara a kan wancan farashi. Gaskiya ne cewa katin ba ya cin cikakken abincinsa sai yana cikin aiki mai nauyi, don haka waɗannan alƙaluma iyaka ce ta sama. Amma kuma wutar janareta ta fi ta layi tsada, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya kai lita daga ƙasa da N200 zuwa sama da N1,000 a Abuja cikin Oktoban 2024. Ga mai amfani da sola, kowane wat da aka ƙara yana nufin ƙarin batir da ƙarin faranti.

Darajar Naira ita ma ta sauya ma'aunin haɗarin. RTX 4060 ya fito a kan Dala 299. A farashin gwamnati na wajen N460 da ake da shi a Mayun 2023, wannan bai kai N140,000 ba. A kan N1,500 da Dala ta haura a 2024, ya kusa N450,000, ban da kuɗin dako da na kwastan da ribar dillali. Katin da ya ƙone a yau ba a maye gurbinsa da cinikin mako guda. Wanda ya tsimi 'yan dubbai a kan akwatin wuta ya jefa ɗaruruwan dubbai cikin haɗari, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Asarar da ta fi zafi ma ba ta ƙarfe ba ce. Kwamfutar da ta mutu a tsakiyar haɗa bidiyo tana iya lalata fayil, kuma bikin aure ba a maimaita shi. A gari kamar Paiko, inda kowa ya san kowa, shagon da ya ɓatar da bidiyon gidan mutane ya rasa dangin amarya da na ango gaba ɗaya.

Kafin a shiga kasuwa

Tambayar farko ita ce ko aikin shagon yana buƙatar katin ma. Buga takardu, rajistar jarrabawa da yawancin zanen CorelDRAW sun fi dogara ga furosesa da yawan RAM da saurin ma'ajiya, kuma sau da yawa sauya tsohon faifai da SSD ya fi katin hoto amfani a kan kuɗi kaɗan, ba tare da ƙarin cin wuta ba. Masu amfana da katin sosai su ne masu haɗa bidiyo da manhajoji irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve, da masu zanen gine-gine, irin aikin da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kan nema, da kuma masu shagunan wasanni.

Wanda ya tabbatar yana buƙata, sai ya buɗe na'urarsa ya ɗauki hoton takardar da ke jikin akwatin wuta da filogin babban allo, ya auna gidan, ya rubuta lambar UPS da ta janareta, ya tafi da su wurin mai sayarwa. Ya kuma yi hattara da katunan hannu, domin tun daga watan Satumban 2022, lokacin da tsarin kuɗin Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Kada ya yi cinikin biri a sama: a soka katin a gabansa, a ba shi aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa, a kuma rubuta masa sharuɗɗan garanti a jikin rasit.

Su ma masu sayarwa a Minna da Abuja suna da riba a cikin wannan tsari. Dillalin da ya tambayi abokin cinikinsa irin akwatinsa da irin wutar garinsa kafin ya miƙa masa kati zai rage rigimar dawo da kaya, zai kuma sayar da akwati da UPS a kan katin. Fataken doya na Paiko sun daɗe da sanin cewa ba a yi wa mota lodin da ya fi ƙarfin tayoyinta. Mai shagon kwamfuta da ya riƙe wannan ƙa'ida zai daɗe yana cin moriyar jarinsa.